Motar alfarma mai shekara takwas: me za a fara gyarawa, me zai iya jira?

Malam, bari in fara da taƙaita tambayarka domin amfanin wanda bai gan ta ba. Ka ce ka sayi babbar motar alfarma ƙirar Jamus a hannun wani, shekarunta takwas, ta ci kilomita 120,000 da ɗoriya, giyarta mai sarrafa kanta ce mai hawa takwas, kuma ƙafafunta a kan iska suke zaune maimakon ƙarfe. Ka ce a 'yan kwanakin nan idan ta kwana sai ka tarar bayanta ya durƙusa ta gefe guda, amma da zarar ka tayar da ita sai ta miƙe. Ka ce wasu safiyoyin fitilun gargaɗi iri-iri kan kama a allon gaban direba, sannan su ɗauke da kansu. Ka kuma ce wanda ya sayar maka ya tabbatar maka ba a canza man giyarta, domin kamfani ya ce na har abada ne. Abin da kake son sani shi ne inda ya kamata ka fara sa kuɗinka, da abin da za ka iya ɗaga wa ƙafa.

Na daɗe ina aikin irin waɗannan motoci, kuma abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya sayi ɗaya a hannu shi ne cewa farashin motar ne kaɗai ya faɗi, kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba. Amma wannan ba shi ne abin da ke karya masu su ba. Abin da ke karya su shi ne yadda kayan motar suke sarƙe da juna, ta yadda ƙaramin abu mai araha, idan aka bar shi ya lalace aka ci gaba da hawa, shi ne yake jan babba mai tsada su tafi tare. Saboda haka ba a jera gyare-gyaren irin wannan mota bisa tsadarsu ko bisa yadda suke damun ido. Ana jera su ne bisa tambaya ɗaya: idan na bar wannan wata uku, me zai lalata? Da wannan ma'auni, durƙushewar bayan motarka ita ce ta farko, ko da yake a yanzu ita ce ta fi kama da abin da ba ya cutar da kowa.

Tsarin ƙafa mai iska ba sabon abu ba ne. Mercedes-Benz ta sa nata mai suna Airmatic a S-Class tun 1998, kuma sauran kamfanoni duk suna da irinsa. A kowace ƙafa akwai jakar roba mai kauri wadda take naɗewa tana warwarewa a kan wani murfin ƙarfe ko na roba mai tauri duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka. Akwai kwamfuresa mai hura iska, akwai akwatin bawul da ke raba iskar zuwa kowace kusurwa, akwai siraran tiyo, sannan akwai na'urorin da ke auna tsayin motar suna sanar da kwamfuta. Robar jakar tana tsufa ne a daidai wurin da take lanƙwashewa, inda ƙura da tsakuwa ke taruwa suna goga ta, har ta fara tsattsagewa kamar fatar tsohon takalmi. Iskar tana sulalewa da dare, da safe kwamfuresa ta cike gurbin, mai mota ya ga ta miƙe ya ce ai lafiya lau.

Matsalar ita ce an ƙera kwamfuresar nan ne don ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta, ba don ta yini tana tseren cika jakar da ke yoyo ba. Tana zafi, zoben da ke cikinta yana cinyewa, kuma abin da ke kunna mata wuta yana iya mannewa saboda yawan kunnawa da kashewa, ya bar ta tana aiki har ta ƙone. Akwai kuma wata ɓarna da mutane ba su cika sani ba. A jikin kwamfuresar akwai wani ɗan tulu mai ƙwayoyi masu tsotse danshin iska, kuma ƙwayoyin suna bushewa ne idan motar ta saki busasshiyar iska ta koma waje ta cikinsu. Idan akwai yoyo, iskar tana shiga ta cikin tulun amma tana fita ta wurin tsagewar, don haka ƙwayoyin suna ta shan ruwa ba sa samun bushewa, har su jiƙe sharkaf, danshi ya wuce cikin akwatin bawul ya fara cin sa. An taɓa kawo mini wata mota da aka canza wa kwamfuresa sau biyu cikin shekara guda ba tare da an taɓa neman inda iskar ke fita ba. Da na buɗe tulun, ƙwayoyin sun koma kamar jiƙaƙƙen yashi mai launin ƙasa, har suna ɗigar da ruwa a tafin hannu. Na fesa ruwan sabulu a jakar baya ta hagu, na sa aka ɗaga motar zuwa tsayinta na sama domin lanƙwasar ta buɗe, nan take kumfa ta fara tasowa a jere kamar ƙwan kwaɗi. Jakar ce tun farko, kwamfuresa biyun kuwa ba su yi laifin komai ba.

Kai ma kana iya fara binciken da kanka. Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar kowace taya da bakin bodin da ke samanta, ka rubuta, sannan ka sake aunawa da safe kafin ka buɗe ƙofa. Wasu motocin sukan farka da dare su daidaita kansu, abin da kan ɓoye kusurwar da ke da laifi, shi ya sa bakanike kan dakatar da wannan aikin da na'ura ko ya cire fis ɗinsa kafin gwajin. Idan kusurwa ɗaya ce ta sauka, zargi yana kan jakarta ko tiyon da ke kai mata iska. Idan bayan gaba ɗaya ne ya sauka daidai wa daida, sai a duba akwatin bawul. Idan an tabbatar jakar ce, shawarata a canza na bayan duka biyu, domin shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi. Ka tsaya ka tabbatar ba a sauke nauyin motar a kan sabuwar jaka tana wofi ba, sai an sa mata iska tukuna, domin idan ta naɗe ba daidai ba tun ranar farko an rage mata kwana. Bayan haka a saita tsayin kusurwowi huɗun da kwamfuta.

Fitilun da ke kamawa da safe su ɓace kuwa, kafin a zargi kowace na'ura a fara da batir. Babbar motar alfarma tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci gommai, kuma kowace tana da ƙarfin wutar da idan aka gaza shi sai ta rubuta cewa ta ga matsala. Lokacin tayar da inji ne batir ke shan mafi nauyin aiki, kuma idan ya yi rauni wutarsa kan faɗi ƙasa da bolt 10 na ɗan ƙiftawar ido, sai kwamfutar birki da ta sitiyari da ta ƙafa kowace ta ɗaga murya, alhali babu abin da ya same su. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6 ko sama kaɗan. Idan ka ga 12.2 to kusan rabin cajinsa ya tafi. Amma wannan awon kaɗai bai isa ba, sai an gwada shi da na'urar da ke auna ƙarfinsa a ƙarƙashin nauyi. A motarka akwai ƙarin dalilin zargi, domin kwamfuresar da ke aiki fiye da ƙima tana cikin manyan masu shan wuta, wato matsalarka ta farko tana iya zama tana ciyar da ta biyu.

Idan ya zama dole a canza batirin, a sa irin wanda aka cire, galibi nau'in AGM, wato wanda ruwansa ke tsotse a cikin wani soso na zaren gilashi, mai girman ƙarfi ɗaya, sannan a sanar da kwamfutar motar cewa an sa sabo. Wannan sanarwar ba dabarar cin kuɗi ba ce kamar yadda wasu ke zato. A motocin BMW da Audi da dama akwai na'urar da ke bibiyar shekarun batir tana sauya yadda ake caja shi gwargwadon tsufansa, kuma idan ba a gaya mata an sauya ba, za ta ci gaba da yi wa sabo irin cajin tsoho. Ka kuma lura da inda kake ajiye makulli. Motar da ake buɗewa ba tare da an ciro makulli ba tana iya kasa yin cikakken barci idan yana rataye kusa da ita, ko idan ana yawan gilmawa da shi ta gefenta, alhali motar da ta yi barci sosai bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce kimanin miliamfa 50 ba. Wanda ba ya hawa kullum, ko tafiyarsa gajera ce, ya sayi ƙaramar cajar da ake bari a jone. Sannan kada ka yarda kowa ya cire kan batir inji yana aiki da sunan gwada altaneta. Tsohuwar dabara ce ta zamanin motocin da ba su da kwamfuta, a wannan motar kuwa garin gyaran gira ne a rasa ido.

Sai maganar man giya, wadda a kanta na fi samun saɓani da masu mota. Giya mai hawa takwas a babbar motar Jamus mai irin waɗannan shekaru, mafi rinjayen zato ita ce 8HP ta kamfanin ZF, wadda ta fara fitowa a 2009, kuma ana samunta a BMW da Audi da Jaguar da Land Rover da Rolls-Royce da wasunsu. Mercedes-Benz tana ƙera tata ne, mai hawa bakwai daga 2003, mai hawa tara daga 2013. Gaskiya ne wasu masu ƙera motocin sun rubuta cewa man na tsawon rayuwa ne, sai dai rayuwar da ake nufi ita ce wadda aka yi wa motar lissafi a takarda, ba wadda mai ita na biyu ko na uku yake fatan ta yi ba. Shi kansa ZF, wanda ya ƙera giyar, ya yi shekaru a baya yana ba da shawarar a canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas, musamman ga motar da ke shan zafi, ko gudu mai yawa, ko jan kaya. Motarka ta cika sharuɗɗan biyu a lokaci guda. Ko a tarihi ma an taɓa yin irin wannan: Mercedes-Benz ta fara cewa giyarta mai hawa biyar ta shekarun 1990 ba ta buƙatar canjin mai, daga baya ta koma tana ba da shawarar a canza a kilomita 60,000.

Man giya ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne yake matse faya-fayan kulocin da ke ciki, shi ne yake kwashe zafi, kuma ta cikinsa ne bawul-bawul masu lantarki suke sarrafa kowane canjin hawa ta ƙananan ramuka masu kama da kafar allura. Kowane canji yana goge ɗan abu kaɗan daga faya-fayan, ƙurar tana yawo a cikin man, zafi kuma yana rage masa inganci a hankali. Alamar farko yawanci ita ce ɗan zabura idan motar tana sauka zuwa giya ta ɗaya a gab da tsayawa, ko wata 'yar karkarwa a gudu matsakaici kamar an hau ƙananan kunyoyi. Aikin canjin yana da ƙa'idoji da ba a tsallakewa. A yawancin waɗannan giyoyi tacin man yana haɗe ne da farantin ƙasa, don haka farantin gaba ɗaya ake sauyawa tare da sababbin kusoshi. Babu sandar auna mai. Ana duba cikarsa ne ta wani rami a gefe, mota tana tsaye daidai, inji yana aiki, zafin man yana tsakanin digiri 30 da 50, wanda kuma sai da na'ura ake ganinsa. Wanda ya cika shi da sanyi inji a kashe zai bar giyar da ƙarancin mai, ko da ya ga yana tumbatsa. Man kuma sai ainihin wanda aka tsara mata. Wanda aka rubuta wa cewa yana yi wa kowace giya, ni ban yarda da shi a nan ba.

Za ka ji ana cewa canza man tsohuwar giya yana kashe ta. Akwai inda maganar ta samo asali. Mutane da yawa ba sa tuna man giya sai ta fara zamewa, wato bayan faya-fayan sun riga sun cinye, su canza mai, bayan sati biyu ta mutu, sai a ɗora wa sabon man laifin abin da ya riga ya faru. Shi ya sa nake duba abubuwa biyu kafin in taɓa. Na farko shi ne alkaluman da kwamfutar giyar take ajiyewa na yadda take ƙara matsi don cike gurbin cinyewar kowane kuloci. Idan sun yi nisa sosai, ina gaya wa mai mota tun da wuri cewa mai ba zai maido abin da ya tafi ba. Na biyu shi ne abin da ya fito. Baƙin laka mai laushi a jikin maganaɗisun farantin abu ne da aka saba gani. Ƙaurin ƙuna, ko ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka ji a tsakanin yatsu, wannan kam labari ne daban. Idan giyarka tana canza hawa lafiya a yanzu, wannan ne lokacin da canjin man zai yi mata amfani. Idan kuma motar mai ja da ƙafa huɗu ce, a haɗa da man akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da na difaransha, waɗanda kusan kowa ke mantawa da su.

Ba ka yi tambaya a kan baƙin mai ba, amma ba zan wuce shi ba, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta nuna kanta sai bayan shekaru. Lambobin 5W-30 ko 0W-40 kaurin man kaɗai suke faɗa. Abin da za ka nema a bayan galan shi ne amincewar kamfanin motar: Longlife-01 ko Longlife-04 ga BMW, 229.5 ko 229.51 ga Mercedes-Benz, 504 00 da 507 00 ga Audi da Volkswagen, gwargwadon abin da littafin motarka ya ce. Mai biyu suna iya zama kauri ɗaya amma sinadaransu daban, kuma idan injin dizal ne mai tacin hayaƙi, man da ba na ƙarancin toka ba yana toshe tacin da abin da wuta ba ta ƙone shi. Allon motar yana iya ƙyale ka har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin ya nemi juye. Wannan lissafin ya fi dacewa da sabon inji mai doguwar tafiya a buɗaɗɗiyar hanya. Ga inji mai shekara takwas, mai tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, wanda yake yini a cunkoso, ni kilomita 10,000 ko shekara guda nake ba da shawara, duk wanda ya riga zuwa. Sandar tabo tana juyawa sama da sau 150,000 a minti kuma a kan ɗan siririn fim na mai take shawagi, sarƙar da ke daidaita lokacin inji kuma gurɓataccen mai yana cin gaɓoɓinta har ta saki. A wasu injuna, irin su N47 na dizal da BMW ta fitar a 2007 da yawancin V6 da V8 na Audi, sarƙar tana bayan inji ne ta wajen giya, wato kafin a kai gare ta sai an sauke giya ko injin kansa. Idan ka ji ƙarar sarƙa da safe ta wuce daƙiƙa biyu ko uku bayan tayarwa, kada ka jira ta yi ƙarfi.

Na gaba a jerin masu jan babbar ɓarna shi ne tsarin sanyaya inji. Waɗannan injuna an tsara su ne su yi aiki da zafi sosai, wasu sama da digiri 100, domin rage shan mai, kuma yawancin mahaɗan ruwansu da tankin ajiya da kawunan lagireto na roba ne mai tauri wanda shekaru da zafi ke mayarwa kamar busasshen biskit. Wasu suna da famfon ruwa na lantarki wanda ba ya yoyo ko ƙara kafin ya mutu, tsayawa kawai yake yi. Injin aluminiyam kuwa ba ya yafe zafi. Tafiyar minti biyar bayan jan gargaɗi ta isa ta karkatar da kan inji. Idan gargaɗin ya fito, ka tsaya inda kake ka kashe. A shekarun motarka a matsa wa tsarin iska a ga ko yana riƙewa, a duba farin busasshen tabo a mahaɗai, kuma kada a gauraya ruwan sanyi iri biyu saboda launinsu ya yi kama.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa ƙa'idarsa tana sauka zuwa 155, kuma motar da ta kai tan biyu tana samar da zafi mai yawa a gangara. A tayoyi ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko makon da aka ƙera tayar ne, biyun ƙarshe shekarar. Tauraro a jikin taya alamar an yi ta don BMW ne, MO na Mercedes-Benz, AO na Audi. A mota mai ja da ƙafa huɗu kada a haɗa sabuwar taya da wadda ta cinye sosai, domin bambancin da'irarsu yana sa akwatin raba ƙarfi yana ta aiki kamar ƙafa ɗaya tana zamewa.

Duk abin da na lissafa ya dogara ne ga wanda zai taɓa motar. Ƙaramar na'urar OBD ta karanta lambobin matsalar mota da ake sayarwa ko'ina tana karanta galibi abin da ya shafi inji da hayaƙi ne, domin don haka aka wajabta tsarin a Amurka a 1996. Ba ta ganin ƙafa, ba ta ganin yawancin kwamfutocin jiki. Garejin da zai riƙe motarka yana buƙatar manhajar da ke shiga ko'ina, irin ISTA ta BMW, XENTRY ta Mercedes-Benz ko ODIS ta Audi, ko wata mai ƙarfi kamarsu, kuma ya fi buƙatar mutumin da ya san cewa lambar matsala ba hukunci ba ce, nuni ne zuwa inda za a fara dubawa. Ka nemi a buga maka duk abin da aka karanta kafin a goge, domin kowace lamba tana zuwa da nisan tafiya da ƙarfin wutar lokacin da ta faru, kuma da su ne za a gane ko batir ne ya haddasa fitilun safiyarka. Ba dole ba ne kowane kaya ya fito daga kwalin kamfanin motar. Bosch da Mahle da Mann da Lemförder da Sachs da Continental suna cikin masu ƙera wa kamfanonin kayan tun asali, kuma suna sayar da irinsu da sunansu. Inda ba na sassautawa shi ne na'urorin auna abubuwa na inji da kayan lantarki. A nan araha ba ta ado, kuma jabu sun yi yawa, har kwalinsu ya fi na gaske kyau.

Abin da zai iya jira yana da yawa, kuma yawancinsa shi ne abin da ya fi sosa wa sabon mai mota rai: kujera mai tausa da ta daina, ƙofa mai jan kanta da ta yi kasala, fitilar ado da ta mutu, labulen gilashin baya da ya maƙale. Babu ɗayansu da zai lalata wani abu. Wanke baƙin da ke taruwa a bayan bawul ɗin shan iska, wanda injuna masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suke fama da shi kuma ake kankarewa da garin ɓawon goron walnat, shi ma yana iya jira har inji ya fara rawa da safe. Ɗan gumin mai a gefen murfin inji ba abin tashin hankali ba ne, matuƙar ba ya ɗiga a kan salansa, ko altaneta, ko fanbel. Idan yana taɓa fanbel ya fita daga jerin masu jira, domin bel ɗin da ya sha mai yana kumbura ya zame, kuma a wasu injuna yana iya naɗewa a bayan fule ya kutsa cikin inji.

Akwai abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo wanda nake so ka yi a wannan makon. Idan motar tana da rufi mai buɗewa, akwai ƙananan magudanan ruwa a kusurwowinsa da suke bi ta cikin ginshiƙan bodi su zubar a ƙasa, akwai kuma wasu a ƙarƙashin gilashin gaba inda ganye da ƙura ke taruwa. Idan suka toshe, ruwan yana bin ginshiƙi ya sauka ƙarƙashin kafet, inda soso mai kauri yake shanye shi saman yana nan a bushe, kuma a nan ne, da cikin but, masu ƙera motocin suke ɓoye kwamfutoci da mahaɗan wayoyi. Na taɓa ɗaga kafet ɗin wata mota da aka kawo saboda gilasanta suna sauka da kansu cikin dare. Na matsa soson da hannu ruwa ya taso tsakanin yatsuna, na zare mahaɗin wayoyin na tarar ƙananan haƙoransa sun yi kore, biyu sun karye sun maƙale a ciki. Ka buɗe rufin, ka zuba ruwa kofi guda a hankali a kowace kusurwar gaba, ka sunkuya ka duba bayan tayar gaba ta wannan gefen. Idan ruwan ya fito cikin 'yan daƙiƙu, magudanar a buɗe take. Idan ya tsaya a sama, a zura siririyar igiyar roba mai laushi a buɗe ta, ba waya ba, ba kuma iska mai ƙarfi ba, domin ita tana iya fizge tiyon daga mahaɗinsa a can cikin rufi inda hannu ba ya kaiwa.